Gyambon Baki da Iyakar Gonarmu

A Tafoki an san ni da haƙuri. Idan yaro ya yi rashin kunya, da ni ake yi masa misali. Abin da ba a sani ba shi ne, haƙurin nan a cikin kumatuna nake ajiye shi. Duk maganar da ta taso mini na ga ba ta faɗuwa, sai in kama naman cikin kumatu ko leɓen ƙasa da haƙori in danne.

Mai sa ni wannan aiki ƙanen mahaifina ne, muna ce masa Baba Ƙarami. Gonarsa na jikin wadda mahaifina ya bar mini, layin gamba ne iyaka. Kowace shekara, da ruwan shuka ya sauka, sai in tarar gambar ta matso cikin gonata taku guda. A gidanmu kuwa ɗa ba ya mayar wa ƙanen ubansa magana. Sai in gaishe shi, in yi masa barka da aiki, in ciji kumatu. Gonar da 'ya'yana ke ci daga cikinta tana ta ramewa, ni kuma sunana na haƙuri yana ta ƙiba.

A shekara ta bakwai bakin ya ƙi. Cikin kumatun ya yi fari-fari, ya yi kaushi, ga gyambo a leɓe. Yaji ya gagare ni, koko sai ya huce sarai. Nan fa kowa ya zama likita. Gwaggona ta ce zafi ne, ta dafa sabara. Wani ɗan kasuwar Ƙanƙara ya sayar mini da garin da ya ce har basir yana korewa. Baba Ƙarami da kansa ya zo dubiya da ƙullin bagaruwa, ya ce, "Wanga ciwo sammu ne. Mutum mai haƙuri kamarka ba ya rasa maƙiya." Na yi godiya, na ciji wurin da ke ciwon.

Matata ce ta matsa na tafi asibiti a Faskari. Malamin asibitin ya haska bakin da tocila, ya ce, "Malam, wannan ai shaidar haƙoranka ce." Ya ce in riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, in bar yaji da goro, ya ba ni man shafawa, in kuma koma idan sati biyu ya wuce bai warke ba. Sannan ya ce in lura da lokacin da nake cizon, don maganin yana can. Kunya ta kama ni, domin ba na bukatar lura.

Da ruwa ya sauka na riga Baba zuwa gona. Da ya iso na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, gambar nan ta ci mini taku bakwai."

Ya dube ni. Ya ce, "Tara ne. Ko ƙirga ba ka iya ba, mi za ka yi da gona babba?" Sai ya ce zai mayar da biyu, sauran in bari sai na samu lafiya, kada aiki ya yi mini yawa.

Na ji haƙorina na neman wurinsa. Na buɗe baki na bar shi a buɗe, na ɗauki fartanya, na ƙirga taku tara da ƙarfi yadda zai ji, na fara haƙa inda gambar za ta koma. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa maganin asibiti ya taɓa mini kai.

Bakin ya warke a kwana goma. Baba kuwa ya yi damina biyu bai amsa gaisuwata ba, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don shi kaɗai ya rage mai muryar mahaifina. Ban fasa zuwa gaishe shi kowace safiya ba, ban kuma mayar masa da ko taku ɗaya ba.