Fuskoki Bakwai a Cikin Ambulan

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, kafinta ne a wani ɗan shago a unguwar Al-Oud da ke birnin Riyad, kuma yana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi wa dariya. Duk abin da aka kawo masa gyara, in ya cire tsohuwar ƙusa, ko da tsatsa ta gama cinye ta, sai ya sa ta a ambulan ya mayar wa mai kaya tare da kayansa. Yakan ce abin da ya shigo shagon ba nasa ba ne, har ƙusar. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da ya baro Damagaram, kuma wannan halin ne ya sa tsofaffin gidajen Riyad ke aiko masa da abin da ba su yarda kowa ya taɓa ba.

Ni kuwa ina shekarata ta biyu a jami'a, gemu bai gama fitowa ba amma fatawa ta cika mini baki. Duk Alhamis nakan je wurinsa in ci shinkafa in gyara masa addini. Shi kuma ya kira ni Malam Ƙarami, ya ƙara mini nama.

Wata Alhamis na tarar da shi ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin aiki, ya ɗora wani ɗan akwati da bai kai kamu ɗaya ba. Na ɗauka hauren giwa ne. Ya ce a'a, ƙashin saniya ne aka fere sala-sala, aka sassaƙa, aka lulluɓe katako da shi. Na wani tsohon malamin jami'a ne da ke zaune a unguwar Malaz, kowa Duktur yake ce masa, kuma a gidan iyayen marigayiya matarsa ya gaje shi. A ƙasar Turai aka yi shi, ya haura shekara ɗari biyar. Kawu ya kifa shi a hankali ya nuna mini gindinsa, an yi masa gida-gida, fari da baƙi, na wasan darar Turawa. A da 'ya'yan wasan a ciki ake zuba su. Ƙarfen da ke riƙe murfin ne ya saki, shi kaɗai aka ce a gyara.

Ni ba gindin nake kallo ba. A jikin akwatin mutane ne, kowa bai fi ɗan yatsa ba. Maza da mata suna rawa, wani yana busa sarewa yana kaɗa 'yar ganga, ga maharbi da karensa. Har sauran koren fenti ya maƙale a ninkin rigar wata mata. A makon nan muka karanta babin hukuncin hotuna a jami'a, kuma abin da ya zauna mini a kai shi ne, siffa in an kawar da kanta ta daina zama siffa. Na faɗa wa Kawu haka, har da Larabci. Ya ce madalla, in miƙo masa gam.

Bayan la'asar aka kira shi, wani ɗan ƙasarmu ya rasu, za a kai shi maƙabartar da ke nan kusa. Ya rufe akwatin da ƙyallen, ya ce in tsare shago. Kabad ɗin da yake ajiye kayan mutane yana da makulli, amma ban taɓa ganin ya kulle shi ina wurin ba.

Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, domin ba cikin fushi na yi ba, cikin nishaɗi na yi. Na ɗauki ƙaramin magagari, na yi bismilla, na fara da mai sarewa. Tsohon ƙashi ba ya gardama. Shafa uku, huɗu, fuskar ta zama gari. Na bi matan da ke rawa ɗaya bayan ɗaya, ina hure ƙurar, ina jin kamar na tsamo Kawu da Duktur daga wuta ba su sani ba. Ina kan fuska ta bakwai inuwar Kawu ta faɗo a kan teburin.

Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya tsaya da ƙurar maƙabarta a ƙafarsa yana kallon hannuna. Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta zube haka ba. Na fara jero masa hujja, muryata tana ƙanƙancewa, har na ji da kunnena cewa shirme nake yi. A duk babin da muka karanta babu inda aka ce ka sa hannu a kayan da aka ba wani amana. Wannan ban tuna da shi ba sai da magagarin ya faɗi daga hannuna.

Ya ɗauko buroshi mai laushi ya tattara farin garin da ke kan ƙyallen, bai bar ko ɗigo ba, ya juye a ambulan ya liƙe. Sa'an nan ya zauna ya gyara ƙarfen murfin, aikin da aka kawo masa. Ya ce gobe bayan Juma'a tare za mu je.

Sai da muka shiga falon Duktur na san abin da Kawu bai faɗa mini ba. Tsohon ba ya gani. Ciwon suga ya tafi da idanunsa shekaru da dama. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo gahawa da dabino, ya miƙo hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Ya buɗe murfin ya rufe, ya yaba aikin. Daga nan babban yatsansa ya gangara gefen akwatin, kai tsaye, kamar wanda ya san hanyar gidansu.

Yatsan ya tsaya a kan mai sarewa. Ya koma baya, ya sake dawowa. Ya matsa kan mace ta farko, ta biyu, yana sauri, har ya isa kan mai koriyar riga, ya yi ta shafa wurin da ya zama sumul. Na ga murmushin yana barin fuskarsa a hankali.

"Ina fuskokinsu?" ya tambaya, da wata ƙaramar murya.

Na buɗe baki, Kawu ya danne mini gwiwa. Ya ce a hannunsa aka ba da kaya, a hannunsa suka lalace, ba shi da wani bayani. Na kasa jurewa na ce ni ne, na faɗi dalilina, kuma a falon nan dalilin ya fito tsirara, ko ni na ji kunyarsa. Duktur bai juyo wajen muryata ba. Ya ce shi da matarsa shekara arba'in suna wasa a gindin akwatin nan, kuma tun da idonsa ya rufe, waɗannan ne kaɗai fuskokin da yake iya gani.

Kawu ya ciro ambulan ɗin ya sa masa a tafin hannu. Tsohon ya girgiza shi kusa da kunnensa, yana jiran ƙarar ƙusa kamar yadda ya saba. Babu ƙara. Ya buɗe, ya tura yatsa ciki, ya fito da shi fari fat. Ya daɗe yana murza garin tsakanin yatsunsa. Daga ƙarshe ya ce da Kawu, cikin ladabi, akwai kujerarsa guda da ya bayar gyara a shagon, a dawo masa da ita yadda take.

A mota idon Kawu na kan hanya, daga Malaz har Al-Oud.

Alhamis ta zagayo na je, don rashin zuwan ya fi zuwan muni. Ya amsa sallamata, ya zuba mini shinkafa, ya ƙara mini nama kamar kullum. Da aka kira la'asar ya miƙe, ya kwashe kayan mutane daga kan tebur ya sa a kabad. Ya murza makullin sau biyu, ya jefa shi a aljihu, ya ce in tsare shago.