Kan Hajiya a Cinyar Wata

A shekarun da muke ta ruɗewa da sabon kuɗi, naira da kwabo, aka yi wani baje kolin kayan kwalliya a Kaduna, aka naɗa ni shugabar masu hawa dandamali. Wani kamfanin man gashi ne ya kama zaure, ya aiko wata mata daga Ikko ta tara mu: masu kitso, masu lalle, da mai gyaran fuska. Ni ta zaɓa don ina ɗan taɓa Turanci, kuma bakina ba ya mutuwa. Na yi ta hura hanci a unguwarmu Doka kamar an ba ni gwamna.

Ashe shugabancin ɗaure hannu ne. Matar ta ce shugaba ba ta taɓa kan kowa. Nawa in riƙe makirfo, in raba aiki, in yi ta yabon man da hannun masu shafa shi. Ni da na tashi da kibiyar kitso a hannu, na koma sanƙira!

A cikin 'yan ƙungiyata akwai wata Bakatsiniya daga Unguwar Shanu, sa'ata ce, matar direba. Ba ta da hayaniya, amma in ta ja tsaga sai ka rantse da zare aka gwada. Tun ranar farko nake kallon yatsunta raina na sosuwa. Ba ta taɓa yi mini komai ba, wallahi, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Ranar da aka ware wa mata zalla, aka saki labule, zaure ya cika maƙil. Na ce wa ke son a yi mata kitso a gaban jama'a? Sai ga Hajiya ta miƙe daga sahun gaba. Matar wani babba ce a ma'aikatar gwamnati, kuma tun tana amarya ni ke mata kitso. A sana'armu kai ba kujerar bas ba ce da kowa zai hau. Mace ba ta canja mai kitso sai da ƙaura, ko faɗa, ko mutuwa, don an yarda gashi yana sabawa da hannu. Saboda Hajiya ma sauran matan manya suke aikowa a kira ni. In ta tafi, sun tafi.

Ta hau tana murmushi, ta zame ɗankwali, ta nufo ni. Matar Ikko ta girgiza mini kai daga gefe. Na waiga, duk masu kitsona suna kan aiki, tabarmar mutum ɗaya ce babu kowa, ta Bakatsiniyar nan.

"Yaya, mi za a yi mata?" in ji Bakatsiniyar.

"Abin da kika iya," na ce.

Hajiya ta kwantar da kanta a cinyarta. Kan da na san kowane lungu nasa, har ɗan tabon bayan kunne da nake kauce wa! Ni kuwa ina tsaye da makirfo, dole in yi magana. "Jama'a, ku dubi tsaga! Ku dubi hannu mai albarka!" Ina faɗa, mata na guɗa, zuciyata na tafasa. Na zuba ido ko za ta ja gashin da ƙarfi Hajiya ta yi tsaki. Ina! Sai ma na ga idon Hajiya na lumshewa, har ta yi gyangyaɗi. A hannuna ba ta taɓa barci ba, sai dai mu sha hira. Kishi ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Shuku ta yi mata, amma ta karkato da shi gefe, ƙanana ƙanana, suka taru bisa kunnen hagu. Da Hajiya ta tashi aka miƙa mata madubi, ta daɗe tana juya wuya. Ni na kama hannun Bakatsiniyar na ɗaga sama, don aikina ke nan, aka yi ta tafi.

Bayan an tashi daga baje kolin na zauna a gida ina jiran tsammani. Lokacin da Hajiya ta saba aikowa ya zo ya wuce. Ko abinci ba na jin daɗinsa. Maigidana ya ce, "Ke, kan mutum ɗaya ne a garin nan?" Na ce ya bar ni, bai san komai ba.

Sai wata safiya ga motar gidansu a ƙofa. Na suri kibiya da mataji, ina hamdala har muka isa. Na tarar ta shimfiɗa tabarma inda muka saba, kitson nan yana kanta har ya fara tsufa. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta kwanto a cinyata. Na sa kibiya zan fara tsifa, sai ta dafa hannuna.

"Tsaya, 'yar uwa. Ki tsefe a hankali, ki lura da yadda ta bi da tsagar. Irinsa nake so ki yi mini."

Na ce to, Hajiya. Na sunkuya ina warware kitson ɗaya bayan ɗaya, ina koyo.