Washin Takalmin Ƙanena

Mu 'ya'yan maƙeri ne, ni da ƙanena, kuma kaf zuri'armu ban taɓa jin wanda ya taka ƙanƙara ba sai shi. Daga Kano muka zo Doha neman abinci. Ni ina tuƙa wani Balarabe a unguwar Al Gharrafa, shi yana gadi a wani katafaren kanti mai filin ƙanƙara a ciki. Daga kallo ya fara shiga, daga shiga sai ga shi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa da lanƙwasasshiyar sanda, wai hoki yake bugawa.

Na yi faɗa har na gaji. Mutum da gemunsa! Amma duk Juma'a bayan la'asar ni ke kai shi, in zauna ina rawar ɗari, alhali a waje rana na narka kwalta. Tun ina tsaki har na koma ihu in ya ci.

Da aka gayyaci ƙungiyarsu gasa a wata ƙasa maƙwabciya, aka sa sunansa. Wata guda muna lallaɓar kafil ɗinsa, wato ubangidansa na aiki, kafin ya sa hannu a takardar fita. Ana gobe tafiya ya bar takalman a ɗakina a unguwar Ain Khaled. Na juya su, na shafa ƙarfen da babban yatsa, na ji shi a dakushe kamar bayan cokali. Raina ya ɓaci. Ɗan maƙeri zai je ƙasar mutane da wannan abin kunya? Na samo dutsen washi, na zauna na fitar musu da baki ɗaya siriri irin na wuƙar fawa. Har gashin hannuna na aske don gwaji.

Ashe ƙarfen nan baki biyu gare shi, da ɗan kwari a tsakiya, su ke riƙe mutum a kan ƙanƙara. To wa ya gaya mini? Da safe na miƙa masa ina ta washe baki. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Ya zura su a jaka, na kai shi filin jirgi.

Bayan kwana huɗu ya dawo, ya ce sun ci wasa ɗaya, an ci su biyu, takalmi kuwa lafiya lau. Har da cika masa baki na yi. Sai da muka zo alwalar magariba ya cire safa, na ga faratansa uku sun yi baƙi, ɗaya ya fita. Na tsare shi sai da ya faɗa mini gaskiya: nawa washin ya kashe takalman, na aro ya saka, masu matse shi, duk wasannin uku.

Kunya ta kama ni, sai na huce a kansa. Na hau shi da faɗa, don me bai gaya mini tun a ɗaki ba? Shi dai wankin ƙafarsa yake yi a hankali.

"Tun rasuwar Baba ban ga ka riƙe dutsen washi ba," in ji shi. "Yadda kake murna da safen nan, me kake so in ce maka?"