Ina Mudi na Hajo?

Daminar bana ta cika shekara goma sha bakwai da muka kai Labbo makaɗin noma makwancinsa a Kurawa. Ni ne ɗan amshinsa na ƙarshe da ya rage, kuma ban taɓa zaton zan rubuta tunawa da shi raina a ɓace ba.

Labbo yana da doka guda: ba ya saka sunan mutum a waƙa sai ya shafa tafin hannunsa ya ji kanta. Kaset ɗaya tak ya bari a duniya, wanda aka ɗauka a bakin gonar gayya, cike da sunayen manoman da suka riga kowa fitar da kunya. Akwai wani mai kuɗi da ya sha aiko masa da riguna don ya ambace shi. Labbo ya mayar, ya ce hannun nan ko jariri ya fi shi kaushi.

Bara ɗansa Nasiru ya zo daga Sakkwato ya roƙe ni kaset ɗin, wai zai wanke sautin ya sa a waya. Na ce kyan ɗa ya gaji ubansa, na miƙa. Ashe da ɗan gari kan ci gari.

A wata rumfa a kasuwar Bafarawa na fara jin abin, a wayar wani ɗan kabu-kabu. An danne gangar da kiɗan na'ura, samari na ta rausaya kai suna cewa yanzu ne tsoho ya yi daɗi. Wannan da sauƙi, kowa da zamaninsa. Amma da aka zo wurin sunaye sai na ji an share su duka, an sa na'ura ta kwaikwayi muryar Labbo tana wasa mai kuɗin nan, wanda yanzu kujera yake nema. Wani dattijo ya tofar da goron bakinsa ya bar rumfar. Ni kuwa kunya ta hana ni motsi, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Me Labbo zai ce da ya ji bakinsa na faɗin abin da ya ƙi faɗa yana raye? Na kira Nasiru ya fi sau goma, bai ɗauka ba, kaset ɗin ma bai dawo ba.

Ran nan Inna Hajo ta Unguwar Lalle ta aiko a kira ni. Mijinta Mudi yana cikin waƙar, ya kuma riga Labbo rasuwa. Jikokinta sun kunna mata sabuwar, ta saurara har ƙarshe tana jira.

"Malam Sale," ta ce, "mi munka yi muku? Wuri guda ad da ni inda ake kirana tare da shi. Ina Mudi na Hajo?"

Na zauna a bakin ƙofarta na jero mata sunayen da muryata da ta tsufa, babu ganga, babu amshi.

Muryar Labbo an riga an ba wani aro. Abin da ya rage nasa na gaskiya shi ne mutanen da ya shafa hannunsu, su kuwa yanzu a kaina kawai suke, ni da na haura saba'in. Da na iso kan Mudi na Hajo, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Sake hwaɗi," ta ce.