Waƙar Shagon Baffa

Wata Juma'a a tsakiyar zafin Yuli, shekarar da na gama aji uku, na tsinci kaina tsaye gaban wani babban kwando a kantin unguwarmu ta Matar Ƙadim a Doha, mahaifina kuma yana rera wa wani Ba'indiye ma'aikacin kantin waƙa. Waƙar ba ta da kalmomi. Da hanci yake yin ta, yana kaɗa yatsa a bakin kwandon, ga farar jallabiyarsa ta masallaci, ga carbi naɗe a wuyan hannu. Kwandon cike yake da fayafayan sidi na araha, waɗanda kantin ya gaji da ajiyarsu ya zube su tsakanin tulin tawul da robobin zuba abinci. Jikin kowanne hoton samarin Turawa ne masu gashi har kafaɗa, sun rungume jita suna harare-harare kamar an yi musu laifi. Ba'indiyen ya saurara har ƙarshe, ya kaɗa kai irin kaɗawar nan da ba ka sanin e ce ko a'a, ya ce wa Baba ya tona ƙasan kwandon. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, domin wata 'yar ajinmu tana layin madara da uwarta, kuma ta gan mu.

A lokacin muna zaune ne a wani tsohon gida da aka yayyanka da katako aka raba wa iyalai. Mu ne a ɓangaren baya, 'yan Sudan a gaba, Indiyawa 'yan Kerala a sama, kowa ya san abin da ake dafawa a tukunyar kowa. Umma ma'aikaciyar jinya ce, a kan takardarta muke zaune a ƙasar, Baba kuma direba ne a wani kamfanin gine-gine da ke Sana'iyya, unguwar masana'antu. Aikina na kullum shi ne tarar ruwa da sassafe a bokitai, saboda da rana ta ɗaga tankin da ke kan rufi yake tafasa, ruwan famfo ya koma na fige kaza. Idan na gama, sai mu fita tsakar gida da yaran Sudan mu zana 'yar gala-gala da alli a kan siminti, mu yi ta tsalle har tafin ƙafa ya fara ƙuna, sannan kowa ya ruga ɗakinsu ya tsaya gaban na'urar sanyi. A makaranta Larabci, a gida Hausa, a tsakar gida wani gauraye da mu kaɗai muke ganewa. Duk wannan bai taɓa rikita ni ba. Abin da ya rikita ni shi ne kwalin da ke ƙarƙashin gadon Baba.

Kwalin man girki ne, shaƙe da waɗannan fayafayai, duk na kiɗan rok na Ingila, na zamanin da Baba yake yaro. Ba wanda yake na mawaƙi guda. Kowanne tarkace ne, wani kamfani ya tattaro tsofaffin waƙoƙin ƙungiyoyi barkatai ya cusa a faifai ɗaya, ya sayar da arhar tsiya. Mutumin da ke tashina da asuba ya biya mini karatu, mutumin da ko rediyo ba ya kunnawa a gida sai don labarai, shi ne mai wannan kwali. Turancinsa bai wuce na aiki ba, don haka ba ya jin abin da suke faɗa. Kuma ko a fuska ban taɓa ganin yana jin daɗinsu ba. Zai sa faifai a mota, ya saurari farkon waƙa da goshi a tamke, ya ce, “Wuce.” Na yi ta tunani. Na ɗauka sayarwa zai yi, ban ga mai saye ba. Na ɗauka Turanci yake koyo, ban ga ya ƙaru ba. Har na taɓa zargin ko wani magani aka ba shi da sharaɗin sauraren ihun Turawa. Umma kan ce, “Babanku ya fi kowa tara abin da ba ya so.”

Ita ce ta warware mini, wata rana muna tsince shinkafa, ko da yake warwarewar ma ta bar ni da wasu tambayoyin. Baba yana da wa a Zariya, wanda muke kira Baffa, shi ya riƙe shi tun rasuwar kakanmu. Baffa mai gyaran rediyo ne a Tudun Wada. A shagonsa akwai garmaho da wani ya kawo gyara bai dawo ba, da ƙaramin faifai guda na Turawa, irin mai ɗaukar waƙa ɗaya a kowace fuska. Da wannan faifan Baffa yake gwada duk lasifikar da ya gyara, safe da yamma, shekara da shekaru, har masu shayi da teloli da yaran layin suka haddace kiɗan. Takardar tsakiyar faifan ta goge, babu wanda ya san sunan waƙar ko masu yin ta. Wata damina rufin shagon ya rufta, faifan ya tafi. Yanzu ciwon suga ya cinye wa Baffa ido, yana zaune a zaure ba ya ganin komai, kuma da Baba ya je hutu ya tambaye shi abin da zai kawo masa daga ƙasar Larabawa, bai ce turare ba, bai ce agogo ba. Cewa ya yi, “In ka ci karo da waƙar nan ta shago, ka sa mini in ji.” Baba bai taɓa jin Baffa ya roƙe shi komai ba sai wannan.

Wani Baturen injiniya da Baba ke tuƙawa ne ya nuna masa hanya. Ya ce masa ainihin ƙananan fayafayan nan na da sun yi wuya, masu kuɗi ne ke rububinsu a can ƙasarsu, amma ana sake buga waƙoƙin a tarkacen araha, in ya bi su a hankali zai dace. Baba ya rera masa kiɗan, Baturen ya ce bai san shi ba. Wannan bai karya wa Baba gwiwa ba, sai ma ya ɗan raina Baturen. A ganinsa, waƙar da duk Tudun Wada ta sani, har kuturu da makaho, ai babu yadda za a yi a ce ba ita ce sarauniyar waƙoƙin Ingila ba. Ya yanke cewa injiniyan ne bai san garinsu ba.

Haka Juma'o'inmu suka koma. Bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, sai mu shiga motar kamfani da ke fake a inuwar katanga, a kunna sanyi, ni a kujerar gaba da sabon faifai. Ni ce mai danna maɓalli, ni ce kuma mai karanta sunayen da ke bayan kwali, da Turancina na aji uku. Wani lokaci yakan yi wa mai shayin bakin titi hon a kawo mana karak, shayin can mai madara da kayan ƙamshi, a kofin takarda, wannan ne ladana. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda fayafayan ke maimaita juna. Ka sayi mai jan kwali da mai shuɗi, ka tarar rabin waƙoƙin iri ɗaya ne, an dai sauya musu layi. Wasu kuma sunan ɗaya, amma muryar ta tsofaffi ce, ashe mawaƙan ne suka sake rerawa bayan sun yi furfura. Akwai wata waƙa mai hayaniya, ana buɗe ta da ganga kamar ana fasa kwanuka, wadda ta bi mu kusan kowane faifai. Baba ya tsane ta. Kafin ya buɗe baki na riga na wuce ta. Idan kuwa aka sami wadda ta ɗan yi kama, sai ya kankare katin waya ya kira Zariya, a kai wa Baffa wayar, Baba ya kara tasa a jikin lasifikar ƙofa. Can sai mu ji muryar Baffa daga nesa: “Allah ya yi albarka, amma ba ita ba ce.” Nakan tambayi kaina yadda za a nemi abin da ba shi da suna, a cikin harshen da mai nema da mai jira duk ba sa ji.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen damuna ne a gida, a Doha kuma iska ta fara sanyi. Mun sa wa Baffa wata waƙa ya ce ba ita ba ce, sai suka shiga gaisuwa da labarin 'yan uwa, faifan kuma ya ci gaba da tafiya ƙasa-ƙasa. Ni ina fama da kofin shayi mai zafi a hannu biyu, sai ga waƙar fasa kwanukan nan ta shigo. Baba ya miƙa hannu zai kashe, muka ji Baffa ya ce, “Dakata, Sani. Ƙara mini wannan.” Baba ya dube ni, na dube shi, na ƙara. Aka yi ta ihu da ganga har ta ƙare.

“Yaya, wannan ai ba ita ba ce,” in ji Baba.

“Na sani. Amma yaran ne, muryar ce. Wannan ita ce ta gaban faifan. Ranar da aka kawo shi na ji ta, kafin sukundireba ya kufce mini ya karce fuskar. Tun daga nan bayan nake sawa. Kai lokacin ba ka fi wannan 'yar taka ba.”

Baba ya yi wa Baffa sallama ya kashe wayar, goshinsa a tamke. Ni murna na fara yi, a zatona an gama, tunda ga sunan ƙungiyar a bayan kwali, na ma karanta masa da ƙarfi. Na kasa gane abin da ya hana shi murna. Washegari ya kai wa Baturen sunan, ya dawo da bayanin da ya fi na farko ɗaure kai. Ƙungiyar ba ta yi wani tashe ba, faifai ɗaya suka fitar suka watse. Masu haɗa tarkacen araha kuma fuskar gaba kawai suke ɗauka, domin ita aka sani. Ta baya ciko ce, an sa ta ne don kada a bar wurin fili, ko a Ingila da wuya a sami wanda ya juya ya saurare ta. Wato waƙar da ta reni layi guda a Zariya, a garinsu ba kowa ba ce. Wadda kuma muka yi ta tsallakewa da tsaki, ita ce ta fi kusa da abin da muke nema, tana cikin kwalinmu tun faifan farko.

Baturen ya yi alkawarin zai bincika in ya je gida, kwangilarsa ta ƙare, bai dawo ba. Baba bai daina tona kwanduna ba, sai dai yanzu sunan yake nema, ni kuma nake bin bayan kwalaye da yatsa. Duk inda muka ga sunan, waƙar gaban ce. Ya koma sa wa Baffa ita duk Juma'a, shi da ya tsane ta, su saurara tare har ƙarshe, Baffa ya ce, “To, mun gaisa da maƙwabciyarta.” Ina aji shida aka kira mu aka ce Baffa ya rasu. Kwalin ya koma ƙarƙashin gado, daga baya Umma ta ɗora masa akwatin barguna.

Yanzu Baba ya ajiye tuƙi, suna zaune tare da ni a unguwar Ain Khalid, a gidan da ruwansa ba ya tafasa kuma ban san sunan maƙwabcina ba. Kwandunan nan sun ɓace daga kantuna, motata ma ba ta da wurin sa faifai. Bara, ina jiran shinkafa ta tsotse, sunan ƙungiyar ya faɗo mini, na rubuta a waya. Kafin in sauke tukunya ga hoton ƙaramin faifan, ga fuskar gaba, ga ta baya, wani mai tara tsofaffin fayafayai ya ɗora su kyauta. Na ji farkonta kawai na gane, domin da ita aka yi mini reno ta hancin Baba. Na ruga falo da zumuɗi kamar 'yar aji uku, na sa masa. Ya saurara, kansa a sunkuye, har ta kai tsakiya.

“Ita ce,” ya ce. Sai kuma ya ce, “Kashe, Habiba.”

Na ce, “Baba, ai ba ta ƙare ba.”

Ya ce, “To wa zan kira in sa wa?”

Na kashe. A da muna da mai jira ba mu da waƙa, kuma duk Juma'a akwai abin da zai sa mu zauna a mota mu biyu, mu ji muryar Zariya. Ina kewar wannan zaman fiye da yadda zan iya faɗa masa. Har yau ban san ko kyauta masa na yi da na samo ta ba.