Ranar da na yi kyauta da turmin matata

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da Anasara suka zo garinmu kallon sana'ar hannu ba. Ƙauyenmu yana gabas da Mayahi, kuma an san mu da saƙar tabarma da sassaƙa. Maigari ya sa aka share fili, mata suka baje faifai da ƙore, ni kuma na sa babbar rigata na naɗa kaina ɗan rakiya, alhali ba wanda ya aike ni.

Cikin baƙin akwai wani dogo, tafinta ya ce daga ƙasar Hangari yake, wai su ma a ƙauyukansu mutane na zuwa kallon masu saƙa. Duk kayan da aka jera bai kula su ba. Sai da na ja shi gidana shan fura ya hangi turmin matata, wanda mahaifinta ya sassaƙa mata da hannunsa kafin ya rasu. Ya durƙusa yana shafa shi, yana ɗaukar hoto, har da sa kai ciki yana sunsuna.

To mu dai a wurinmu, in baƙo ya yaba abu sai ka yi masa tayi, shi kuma ya ce a'a, na gode. Na buɗe baki na kira shi yadda masu Faransanci ke cewa malam, na ce, "Mushe, ɗauka, naka ne."

Ashe su can ba su san wannan ba. Bawan Allah ya rungume ni har hulata ta faɗi, shofer, wato direbansu, ya ciccibi turmi ya ɗaure a kan mota. Don kunya har hannu na ɗaga masu.

Ba su daɗe da tafiya ba matar ta dawo daga rijiya. Ta dubi gurbin turmi, ta dube ni.

"Malam, ina turmina?"

"Ya... ya tafi Turai."

Sai ta ɗaure zane ta bi sawun mota, ni ina biye ina haki. Allah ya taimake ni, yashin ƙasarmu ya riƙe motar a bakin fadama. Ta iske su suna turi, ta hau ta kwance igiya, ta aza turmi a ka. Sannan ta dubi tafinta.

"Gaya mishi turmi na da mai shi. In yana son tsohon kaya, ga wanda ya ba shi nan, ya ɗaure shi bisa mota. Shi kam ban hana ba."

Da aka fassara, dogon nan ya yi dariya har ya zauna cikin yashi. Ta ciro wani ɗan faifai da ta saƙa, wanda ke soke a zanenta, ta miƙa masa, suka rabu lafiya. Ni kuwa har yau in na wuce bakin kasuwa sai wani ya ce, "Tsohon kaya, ba a zo ɗaukarka ba?"

Tun ranar na koyi cewa kafin ka yi tayin abu, ka tabbata naka ne, ka kuma tabbata baƙon ya iya cewa a'a.