Mai Awon Kifi da Bai Iya Ruwa Ba

Shekara goma sha tara ya yi a ofishin da ke ƙidayar kifin kogi. Abokan aikinsa Ma'auni suke ce masa, domin da ido yake faɗin tsawon kifi tun kafin a ɗora shi a katakon awo. Abu ɗaya ya ɓoye musu: bai iya ruwa ba. Matarsa kaɗai ta sani. Duk ranar fita sai ta raka shi bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ka dai tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa."

Aikin ba shi da wuya a baki. Za su tare wani yanki na kogin da raga biyu, ɗaya a sama inda ruwa ke fitowa, ɗaya a ƙasa inda yake gangarawa. Shugabar tawagar ta goya na'urar da ke sakin ɗan lantarki a ruwa, kifi ya sume ya taso, a kwashe a bokiti, a auna, a rubuta, idan ya farfaɗo a mayar da shi. Sau uku ake bin wuri ɗaya. Shi kuwa kowane zagaye idonsa na kan gaɓa.

Wata safiya aka tura shi ya duba ragar ƙasa. Yana sanye da wandon roba mai haɗe da takalmi, wanda ke kaiwa ƙirji. Ashe an kwana ana ruwa a can inda kogin ke fitowa. Yana tsakiyar kogin ya ga ruwan ya yi ja, kara da ganye na wucewa da gudu. Yashin da ya taka ya zame. Nan take ruwa ya cika wandon, ya yi masa nauyi kamar buhun siminti. Ya cafki igiyar ragar, ruwa na dukan haɓarsa.

Shugabar ta kashe na'ura, ta ɗaga murya daga gaɓa: "Cire wandon ka yi iyo zuwa nan."

"Ranki ya daɗe, ban iya ba."

"Ba ka iya me ba?"

"Ruwa."

Sai ta sa direban tawagar ya riƙe bakin igiyar da kyau, ta tsugunna daidai inda zai gan ta.

"To, kada ka kalli ruwan, ni za ka kalla. Matso da hannun dama. Yanzu na hagu."

Haka ya riƙa jan jiki, yana kurɓar ruwa yana salati, har direban ya kamo wuyan rigarsa. Ko da ya hau tudu yatsunsa sun ƙi buɗewa, sai da aka ɓamɓare su daga igiyar.

Ya ɗauka korarsa za a yi. Sai shugabar ta kafa masa tebur a gaɓa, ta ba shi katakon awo da littafi. A nan ya ƙarasa sauran shekarunsa shida na aiki, idonsa na kan duk wanda ya nufi tsakiyar kogin. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, tambayarsa ta farko ita ce, "Ka iya ruwa?" Ko an ce masa e, ba ya yarda sai ya gani da idonsa.